Mas'alolin Jinga da Abin da Ake Nufi da Su

Babu kukan da ya fi yawa a bakin ɗaliban jami'a, musamman waɗanda Allah ya ƙaddara musu karatun sha'anin kuɗi, ko aikin akanta, ko ilmin ƙididdiga, ko kuwa injiniyanci, kamar kukan jinga. Domin ɗalibin tarihi ko na adabi, idan aka ba shi aikin gida, yana iya cika shafi biyar da zance mai daɗi ya tsira da makinsa, amma wanda aka ce ya fitar da nauyin da wani ginshiƙi zai iya ɗauka, ko ya daidaita littafin kuɗin wani kamfani da ba a taɓa kafawa ba, wannan ba shi da maɓoya, ko dai amsa ta fito ko ta ƙi, kuma fasahar baki ba ta ƙara mata ko sifiri guda. Sau da yawa za ka ji yaro ya ce, "Wai wannan wahala ina za ta kai mu? Ai in mun kama aiki kwamfuta ce za ta yi." Tambayar tana da ma'ana, ta kuma cancanci a amsa ta da hujja maimakon tsawa.

Da farko dai ya kamata a sani cewa koyar da ilmi ta hanyar kafa mas'ala ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu, kuma ba Turawa suka zo mana da shi ba. Duk wanda ya durƙusa gaban malami a zaure har ya kai babin fara'ili, wato rabon gado, a cikin Risala ko waninta daga littattafan Malikiyya, ya san cewa a nan ne hadda ke ƙarewa, a nan hisabi ke farawa. Malam zai ɗaga kai ya ce: mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya mata biyu, da uwa, da uba, yaya za ka raba? Almajiri ya san ƙa'ida, matar tana da sumuni, 'ya'yan suna da sulusi biyu, uwa sudusi, uba sudusi. Sai ya kafa asalin mas'ala a kan 24, ya ba matar 3, ya ba 'ya'yan 16, ya ba iyaye 8, ya tara, ya ga abin ya tashi 27, ma'ana rabo ya fi dukiya yawa. A nan ne gumi ke keto masa, kuma a nan ne yake koyon auli, wato a ɗaga asalin zuwa 27 domin ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa, har sumunin matar ya koma tusu'i. Wannan ita ce mas'alar da ake kira Minbariyya, wadda ake jingina amsarta ga Sayyadina Aliyu. Malam ba ya bukatar amsar daga bakin almajiri, an san ta fiye da shekara dubu. Abin da yake nema shi ne hannun yaron ya faɗa, saboda ranar da za a zaunar da shi a tsakiyar magada na gaskiya, kowa da baƙin cikinsa da zarginsa, ga gona ga gida ga bashi, babu littafin da zai buɗe ya tarar da sunayensu a ciki. Hasali ma littafin da Muhammad ɗan Musa Alhawarizmi ya wallafa a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun, wanda shi ne tushen aljabara, kaso mai tsoka daga cikinsa mas'alolin wasiyya ne da gado, an jera su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda lakcara ke jera tambayoyin jinga a yau.

Ɗalibin sha'anin kuɗi kuwa, mas'alar da ake fara ɗora masa ita ce ta kuɗin ruwa mai haihuwa. Wani ya ci bashin naira 100,000 a kan ruwan kashi 10 cikin ɗari duk shekara, bai biya kome ba. A ƙarshen shekarar farko ana binsa 110,000, a ta biyu 121,000, domin ruwan bara shi ma ya haifi nasa, kafin shekara ta bakwai ta cika kuwa bashin ya doshi 195,000. Akwai gajerar hanya da 'yan kasuwar Italiya suka sani tun da daɗewa, wadda Luca Pacioli ya ambata a littafinsa na lissafi da aka buga a birnin Benis a 1494: ka raba 72 da adadin kashin, abin da ya fito shi ne kimanin shekarun da kuɗi za su ninka. Na san akwai mai cewa ina ruwan Musulmi da wannan, alhali riba haramun ce. Amma wannan ƙa'ida ba ta tsaya ga bashi ba, duk abin da ke hawa a kan hawan da ya gabata ita yake bi, kuma mafi kusa da mu shi ne tsadar kaya. A shekarar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari; ka raba 72 da 30, za ka ga cewa in aka ɗore a haka, kafin shekara biyu da rabi kuɗin da ke sayen buhu sai ya sayi rabin buhu. Tsohon ma'aikacin da aka jinkirta masa haƙƙinsa na barin aiki shekara uku a irin wannan yanayi, ko da an biya shi cif babu ragin kwabo, an riga an cinye masa fiye da rabi, kuma wanda bai taɓa zama ya yi wannan lissafi da hannunsa ba, da wuya ya ga zaluncin da ke ciki.

A cikin littafin nan na Pacioli ne kuma aka fara buga bayanin hanyar rubuta kowace hulɗa sau biyu, gefen shiga da gefen fita, wadda ba shi ya ƙago ta ba, ya dai tarar da fataken Benis suna aiki da ita ya tsara ta. Ita ce har yau ke hana ɗaliban akanta barci idan gefe biyu suka ƙi daidaita. Sai dai fa'idar jingar ba ta cika sai ranar da ɗalibi ya gano cewa littafi yana iya daidaita alhali ƙarya ce a ciki, domin idan ka rubuta 5,400 a madadin 4,500 a gefe biyun duka, ma'auni zai tsaya cak, kuskure kuwa yana nan kwance.

Amma inda al'amarin ya fi nauyi shi ne wajen injiniyoyi, domin galaɗinsu jini yake zubarwa. A ranar 17 ga Yuli, 1981, a birnin Kansas na jihar Misuri a Amurka, jama'a sun taru ana raye-raye a babban falon otel ɗin Hyatt Regency, wanda bai daɗe da buɗewa ba. A sararin falon an rataya gadoji na tafiya da ƙafa masu haɗa sassan ginin, kuma gadar hawa na huɗu tana daidai saman ta hawa na biyu. A zanen farko, an tsara cewa dogayen sandunan ƙarfe za su sauko daga rufi, kowace sanda ta ratsa gadar sama ta zarce har ta ƙasa, a ɗaure noti a ƙarƙashin kowace gada. Masu ƙera ƙarfen suka ga wannan zai yi wuyar haɗawa, suka kawo shawara a raba sandar biyu: ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, ɗaya kuma daga gadar sama zuwa ta ƙasa. A ido canjin ba kome ba ne, aka amince, aka gina.

Ka ƙaddara mutum biyu masu yasar rijiya suna rataye a igiya guda, kowa ya damƙe igiyar da hannunsa. Hannun kowannensu nauyin jikinsa kaɗai yake ɗauke da shi. To, in na ƙasa ya saki igiya ya kama ƙafar na sama, igiya ba ta ji wani bambanci ba, amma hannun na sama yanzu nauyin mutum biyu yake riƙe. Abin da ya faru ke nan: mahaɗar da ke riƙe da gadar sama ta koma ɗaukar ninkin abin da aka tsara mata, kuma binciken da hukuma ta yi daga baya ya nuna cewa ko zanen farkon ma bai kai ƙarfin da dokar gini ta birnin ta shar'anta ba. Da yammacin ranar mahaɗar ta ɓalle, gadar sama ta faɗo kan ta ƙasa, dukansu suka rufta kan jama'a. Mutum 114 suka rasu, fiye da 200 suka ji rauni, injiniyoyin da suka sa hannu kuma aka ƙwace musu lasin aiki. Lissafin da zai tona wannan aibi bai fi ƙarfin ɗan shekarar farko ba. Zane ne na jiki guda da kibiyoyin da ke nuna inda nauyi ke ja, irin wanda ɗalibai ke yi suna hamma. Ilmin yana nan a kan waɗanda abin ya bi ta hannunsu. Abin da babu shi ne wanda zai ce, "Tsaya, bari in sake bugawa da kaina," kowane ɓangare ya ɗauka ɗayan ya duba.

Wannan ɗabi'a ta sake bugawa da kai, wadda malamanmu za su kira tahƙiƙi, kishiyar taƙlidi, ita ce a ganina asalin abin da jinga ke shukawa, kuma babu labarin da ya fi bayyana ta kamar na wani ɗalibi mai suna Thomas Herndon. A 2010 wasu mashahuran masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da wata maƙala da ta nuna cewa ƙasashe masu arziki, idan bashin gwamnatinsu ya haura kashi 90 cikin ɗari na jimlar abin da ƙasar ke samarwa a shekara, matsakaicin bunƙasarsu yakan faɗi har ƙasa da sifiri kaɗan. Lokacin kuwa duniya tana fitowa daga rikicin kuɗi na 2008, ana ta jayayya a Turai da Amurka a kan tsuke bakin aljihu, saboda haka 'yan siyasar da ke son a rage kashe kuɗi suka rungumi adadin nan na 90 suna kafa hujja da shi. Herndon yana karatun digiri na uku a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, sai malamansa, Michael Ash da Robert Pollin, suka ba ajinsu jinga: kowa ya zaɓi wata fitacciyar maƙala ya sake lissafinta daga tushe ya ga ko zai sami abin da masu ita suka samu. Ya zaɓi wannan. Ya buga, ta ƙi fitowa. Ya sake, ta ƙi. Malamansa, kamar yadda kowane malami zai yi, suka fara zaton kuskuren daga wajensa yake. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai ya rubuta wa marubutan ya roƙi ainihin jadawalin da suka yi aiki da shi, su kuwa, wannan abin yabo ne a gare su, suka aiko masa.

Da ya buɗe jadawalin na Excel sai ya tarar cewa wajen fitar da matsakaici, layin da aka ja bai kai ƙarshe ba, ƙasashe 15 ya ɗauka daga cikin 20, ya bar Ostireliya da Ostiriya da Beljiyam da Kanada da Denmak a waje. Bayan wannan ya ga an tsallake wasu shekaru na bayan yaƙin duniya na biyu a wasu ƙasashe, sa'an nan hanyar auna nauyi ta sa shekara guda tak ta ƙasar Niyu Zilan, wadda tattalin arzikinta ya faɗi da kashi 7.6, ta yi daidai da shekara 19 na Birtaniya. Da shi da malamansa suka gyara, suka buga sakamakon a watan Afrilu na 2013, adadin da ke ƙasa da sifiri ya koma bunƙasar kashi 2.2. Adalci ya wajabta a faɗi cewa Reinhart da Rogoff sun amsa kuskuren jadawalin, amma sun musanta sauran sukar, sun kuma tsaya a kan cewa yawan bashi yana tafiya tare da raguwar bunƙasa, kuma masana har yanzu suna muhawara a kan wanne ne sanadin wanne. Abin lura dai shi ne, shekara uku maƙalar tana yawo a majalisu da jaridu, manyan mutane suna ambatonta, ba a sami wanda ya kai ga ainihin jadawalin ya ƙirga layukan ba sai yaron da aka ba aikin gida.

Akwai wani labari da ya fi wannan shahara, amma ina ganin an fi ɓata shi wajen bayarwa. A 1939 George Dantzig, ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya makara zuwa darasin ƙididdiga na shaihin malami Jerzy Neyman, ya tarar da mas'aloli biyu a kan allo, ya kwafe su yana zaton jinga ce. Ya sha wuya, ya warware su, ya kai yana ba da haƙurin jinkiri, ashe misalai ne na mas'alolin da masana ba su riga sun warware ba. Bayan makonni Neyman da kansa ya je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da sassafe, kuma aikin nan ne ya zama kundin digirinsa. Masu wa'azin ƙarfafa gwiwa sukan ce wai sirrin shi ne bai san abin yana da wuya ba. Sukan manta cewa mahaifinsa masanin lissafi ne da ya yi ta ba shi mas'aloli tun yana makarantar sakandare, kuma ya riga ya yi digiri biyu, ya kuma yi aikin ƙididdiga a ma'aikatar gwamnati kafin ya shiga ajin nan. Rashin sani bai taɓa warware mas'ala ba. Hannun da ya saba ne ya gamu da sa'a.

To, ga shi yanzu an wayi gari amsa ta zama haja. Shekaru da dama akwai kamfanoni a intanet da sana'arsu ita ce sayar da warwarar tambayoyin littattafan jami'a, ɗalibi ya biya kuɗin wata, ya ɗauki hoton tambaya, a aiko masa da amsa mataki mataki. Da manhajar ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022 sai ta karya wannan kasuwa, har a watan Mayu na 2023 hannun jarin kamfanin Chegg, babba a cikinsu, ya zube da kusan rabi a yini guda, bayan shugabanninsa sun faɗi cewa sabuwar manhajar tana janye musu masu saye. Ban ga laifin ɗalibin da ya duba warwarar wani bayan ya yi iyakar ƙoƙarinsa ba, ai sharhi da hashiya ma don haka aka rubuta su, kuma yaron da ba shi da mai nuna masa a gida, na'urar ta zame masa rahama. Illar tana wajen wanda ya fara da amsa, domin warwarar da aka gama tana da santsi, idonka na bi kana gyaɗa kai, kana jin ka fahimta, alhali fahimtar ba ta shiga ba sai ka tsaya a inda hanya ta rabu biyu ka zaɓi ta kuskure ka dawo. Kuma na'urar tana kuskure, tana yinsa cikin natsuwa da kyakkyawan lafazi; wanda zai kama ta sai wanda ya san kimanin inda amsa ya kamata ta faɗa tun kafin ya gan ta.

Sai dai ba daidai ba ne a ɗora wa ɗalibai laifin duka. Lakcaran da ke ba da tambayoyi iri ɗaya shekara da shekaru, har amsoshin sun zama gadon da 'yan aji huɗu ke bar wa 'yan aji ɗaya, ya karɓi takardu ya tara a kusurwar ofis, ba ya dawo da su balle ɗalibi ya ga inda ya karkace, shi ne ya fara koya wa yara cewa jinga haraji ce da ake biya don a sami maki. Su ma tambayoyin littafi suna da nasu aibi: an share su tas, kowane adadin da ake bukata an ba ka, babu ƙari babu ragi, alhali a wurin aiki rasiɗi ya ɓace, ma'aunin ƙasa ya saɓa wa zane, wanda ka tambaya kuma ya faɗa maka abin da yake zaton kana son ji. Da za a riƙa ba ɗalibai warwarar da aka dasa kuskure a cikinta a ce su nemo shi, ko a ba su adadi fiye da bukata su tace, da an fi kusantar abin da Herndon ya yi da abin da aka kasa yi a birnin Kansas.

Maganin da ya fi sauƙi kuwa shi ne na zaure, wato ɗalibi ya tashi ya biya da bakinsa a gaban malami, a tsayar da shi a tsakiya a ce, "Me ya sa ka raba a nan?" Za a ce ajin jami'a ya yi yawa, malami ɗaya ba zai saurari mutum 300 ba, kuma gaskiya ne, amma ba dole ne a saurari kowa ba. A jefa ƙuri'a kowane mako a kira goma zuwa allo, a mai da sunayensu cikin ƙuri'ar mako mai zuwa, tun da babu wanda ya san ranar da nasa zai fito. 'Yan ƙididdiga ma sai a ba su wannan ta zama jingarsu ta farko: a aji mai mutum 300, ana kiran 10 duk mako har mako 12, mene ne yiwuwar a kira ka aƙalla sau ɗaya? Amsar tana kusa da sulusi, kimanin kashi 33 cikin ɗari. Wanda ya kawo kashi 40 ya tara yiwuwar makonni goma sha biyun ne kai tsaye, ya manta cewa ana iya kiran mutum ɗaya sau biyu. Hanyar ita ce ya fara lissafa yiwuwar tsira a dukan makonnin, 29 bisa 30 a ninka da kanta sau 12, sa'an nan ya cire abin da ya samu daga ɗaya.